Ku Tambaya Mu Amsa: Waƙar da Babu Baiti a Cikinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata ƙawata ta turo mini bidiyon wata mata mai suna Tanya Tagaq tana tsaye a dandamali, tana haki da gurnani da nishi, can kuma sai ta ƙwalla ƙara kamar tsuntsu. Babu kalma ko ɗaya da mutum zai kama, amma da ta gama sai jama'a suka miƙe suna tafi. A gidanmu wasu sun ce taɓin hankali ne, wasu sun ce iskoki ne. Shin wannan ma waƙa ce?

Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, waƙa ce, kuma matar da kika gani lafiyarta lau. Sana'a ce ta koya, kuma sana'ar tana da asali.

Tanya Tagaq 'yar ƙabilar Inuwit ce, an haife ta a 1975 a garin Cambridge Bay da ke can ƙuryar arewacin Kanada. Matan ƙabilarta suna da wani daɗaɗɗen wasa da ake kira katajjaq, inda mata biyu ke tsayawa fuska da fuska, kusa da juna ƙwarai, ɗaya ta fara wani gajeren sauti daga maƙogwaro, ɗayar ta riƙa cike gurbin da ta bari, suna fitar da sauti a lokacin shaƙar numfashi da lokacin fitar da shi, har sai ɗaya ta fashe da dariya ko numfashinta ya ƙare. Sau da yawa kukan dabbobi da tsuntsaye da kaɗawar iska suke kwaikwayo. Masu wa'azin mishan sun hana wasan a wurare da dama, har ya kusa ɓacewa kafin mata su sake farfaɗo da shi. Abin da Tagaq ta yi shi ne ta ɗauki wasan mutum biyu ta mayar da shi na mutum ɗaya, ta haɗa shi da ganguna da gogen Turawa, tana ƙirƙirar mafi yawansa nan take a gaban jama'a. A 2014 kundinta mai suna Animism ya lashe kyautar Polaris, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan waƙa a Kanada.

Ba ita kaɗai ba ce. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasu masu tsara kiɗa a Turai da Amurka suka fara tambayar dalilin da ya sa mawaƙi zai taƙaita ga zazzaƙar murya kawai, alhali maƙogwaron ɗan Adam yana iya raɗa da tari da dariya da shessheƙa. Wadda ta fi kowa buɗe wannan ƙofa ita ce mawaƙiya Cathy Berberian, Ba'amurkiya 'yar asalin Armeniya, wadda ta rasu a 1983. A 1958 John Cage, Ba'amurke mai tsara kiɗa, ya tsara mata wani aiki mai suna Aria, wanda takardarsa ba ta ɗauke da alamomin kiɗa da aka saba, sai layuka masu lanƙwasa da launuka dabam-dabam, kowane launi yana nufin ta sauya salon murya, kuma kalmomin an tsinto su ne daga harsuna biyar. Bayan haka, a 1965, Luciano Berio ɗan ƙasar Italiya ya rubuta mata Sequenza III, inda ake so mawaƙiya ta shigo dandamali tana gunaguni, ta yi dariya, ta ƙyasta harshe, ta rufe bakinta da tafin hannu, ta koma rerawa, duk a cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma kowane motsi a rubuce yake. A nan ne amsar mutanen gidanku take, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba zai iya maimaita abu ɗaya daidai yau da gobe bisa umarnin takarda ba.

A 1968 Bajamushe Karlheinz Stockhausen ya fito da Stimmung, inda mawaƙa shida ke zama a da'ira suna sarrafa amo guda na sama da sa'a ɗaya. A Amurka kuma Meredith Monk, wadda aka haifa a 1942, ta shafe fiye da shekara hamsin tana tsara waƙoƙin da yawancinsu gaɓoɓi ne marasa ma'ana a kowane harshe.

Na fahimci abin da ya sa kunnen Bahaushe ke tirjewa. A wurinmu nauyin waƙa yana kan magana ne: azanci, habaici, kirari, da amshin da 'yan amshi za su ɗauka. Wanda ya tashi da sauraron Mamman Shata, in ya ji murya babu baiti, sai ya ga kamar an ba shi kwano babu tuwo. Amma mu ma mun san muryar da ba ta buƙatar kalma. Idan maguɗiya ta rangaɗa guɗa ranar kai amarya, ba ta furta komai ba, amma duk unguwa ta san abin da ta ce, kuma kowa ya san ba kowace mace ce ta iya ba.

Ba zan ce miki duk abin da ake yi da sunan wannan fanni yana da kyau ba. Akwai masu fakewa da sabon salo don su ɓoye rashin ƙwarewa. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in duba ko mawaƙin ne ke juya muryarsa ko kuwa ita ce ke juya shi, sannan ko abin da ya yi ya taɓa zuciya ko mamaki kawai ya bayar. Akwai kuma batun haƙƙi, wanda nake ɗauka da nauyi. A 2013 Caroline Shaw, Ba'amurkiya mai tsara kiɗa, ta samu kyautar Pulitzer, wata babbar kyauta a Amurka, tana da shekara 30 saboda wani aiki da ta tsara wa ƙungiyar mawaƙa takwas ta Roomful of Teeth, amma a 2019 Tagaq ta fito fili ta ce an yi amfani da katajjaq a cikinsa ba tare da an bai wa Inuwit haƙƙinsu ba, lamarin da ya sa ƙungiyar ta yi alkawarin riƙa ambatar tushen salon da malaman da suka koya mata. Ina ganin Tagaq ta yi daidai, domin abin da aka taɓa hana mutane yi a ƙasarsu bai kamata wani ya ci ribarsa a bar sunansu a baya ba.

TAMBAYA: Malam, ni mawaƙi ne a sutudiyo. Na ji ana cewa akwai masu fitar da murya biyu a lokaci guda ba tare da kwamfuta ba. Gaskiya ne? Kuma ba ya lalata maƙogwaro?

Daga wani matashi a Kano

AMSA: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Mutanen Tuba da ke kudancin Saberiya da maƙwabtansu na Mongoliya sun shahara da shi, kuma a nan Afirka matan ƙabilar Kosa ta Afirka ta Kudu suna da nasu. Sirrin shi ne kowane sauti da ke fita daga maƙogwaro yana ɗauke da wasu siraran sautuka a laɓe cikinsa. Idan mawaƙi ya riƙe amo ɗaya, sannan ya sauya zaman harshensa da leɓɓansa, sai kogon baki ya ƙarfafa ɗaya daga cikin waɗannan siraran har a ji shi kamar fito a saman muryar. Ka gwada a ɗaki shiru: ka ja "uu" a amo ɗaya ba tare da ka ɗaga ko ka sauke ba, ka zarce a hankali zuwa "ii", za ka ji wani siririn sauti yana hawa. Idan kana son jin ƙwararriya, ka nemi Sainkho Namtchylak 'yar Tuba, wadda a 2016 ta fitar da kundi tare da wasu makaɗan Tinariwen, ƙungiyar Buzayen arewacin Mali.

Wannan salo na baki ba shi da wata illa in an yi shi a natse. Wanda ke buƙatar hattara shi ne salon gurnani mai zurfi, wanda ke sa wasu naman da ke saman jijiyoyin murya su yi rawa, domin mai koyo yakan matse maƙogwaro da ƙarfi ya ji wa kansa. Ka fara da 'yan mintoci a rana, ka yawaita shan ruwa musamman lokacin hunturu, ka dakata da zarar ka ji zafi ko ƙaiƙayi. Idan muryarka ta dishe har ta haura mako uku ba ta dawo ba, ka je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro kafin ka sake shiga sutudiyo.