Amsa kan Take On Me da zanen bidiyonta

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena na Ƙauran Namoda, na ji tambayarka, wai me ya sa kake ganin shekara biyu a kan waƙar Take On Me ta ƙungiyar mawaƙa a-ha, nan 1984 can 1985, kuma da wace manhaja aka zana bidiyon. To ni na san inda ka dosa. Waƙarka ce ta kwanta, kana tunanin sake sakinta. Saurara.

Duka biyun daidai ne, don sau uku aka sake ta a Ingila. Su a-ha a lokacin samari uku ne 'yan ƙasar Norway. Ta farko a Oktoban 1984, Tony Mansfield ya haɗa kiɗan, bidiyon kuwa su ne tsaye suna rerawa gaban shuɗin bango, shi ke nan. A gida ta kai ta 3, a waje ko kallo ba ta samu ba. Sai suka koma situdiyo da wani mai haɗa kiɗa, Alan Tarney, a 1985, aka sake ɗaukar ta tun daga tushe. Ka ji fa, sake ɗauka, ba canja hoton bango ba. Aka saki, ta sake kwanciya. Sai da kamfanin waƙoƙi Warner na Amurka suka zuba kuɗi Steve Barron ya yi sabon bidiyo, sannan ta hau ta 1 a jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard a Oktoban 1985, a Ingila ta tsaya ta 2. A 1986 bidiyon ya kwashe kyautar tashar waƙoƙi ta MTV guda 6.

Batun manhaja kuma, babu wata manhaja. Hannu ne da fensir. Rotoskop ake ce wa aikin. Sai an fara ɗaukar mutane na gaske da kyamara, mawaƙin Morten Harket da yarinyar da ke zaune a shagon shan shayi tana karanta littafin zane. Sannan a ware fim ɗin hoto-hoto, a aza takarda bisa kowane, haske na fitowa ta ƙasa, a bi layin jiki da fensir. Michael Patterson da Candace Reckinger suka yi shi, hoto kusan 3,000, mako 16. Ka tuna sakan ɗaya na fim hoto 24 ne ko 25.

Wannan rawar da ka ga layukan suna yi, daga hannu take, don ba mai zana layi biyu su zo daidai. Amma in takarda ta goce ko kaɗan, kan mutum ne zai riƙa tsalle, shi ya sa ake huda takardun a kafa su bisa turaku. Abin da ke ba ni haushi ke nan da yaranmu na Gusau, a danna filta a waya, fuska ta narke, hanci ya ɓace in an juya, wai an yi katun. Filta ba ta san ido ba, ba ta san inuwar hula ba, duk baƙi ɗaya ne a wurinta. Kuma a ɗauka da dare ba fitila, sannan a ce… to bar wannan, wata rana.

Kai dai kada ka kashe ko kwabo a bidiyo tukuna. Turo mini waƙar in ji ko kiɗa ya danne murya. Asalin fayil ɗin nake so, ka turo shi a matsayin dokumen, don WhatsApp na matse sauti.