Dainoso iri nawa ne, kuma ko akwai ƙashinsu a Kufena?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Tudun Wada, Zariya. Ɗalibaina sun tambaye ni ko dainoso dabba ɗaya ce, shekara nawa ta yi a duniya, kuma ko za a samu ƙashinta a Dutsen Kufena.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Dainoso dangi ne babba na dabbobin zamanin da, an gano ɗaruruwan iri, daga mai girman kaza zuwa mai nauyin giwa goma. Sun bayyana kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce, suka shafe wajen miliyan 165 a doron ƙasa.

Inda hotunan littattafan yara ke ruɗarwa shi ne jera su wuri guda kamar garke. Stegosaurus mai faffaɗan ƙasusuwa a tsaye a gadon bayansa ya rayu shekara miliyan 150 baya, Tyrannosaurus mai cin nama kuwa miliyan 68 zuwa 66. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin Tyrannosaurus da mu. Ka zana wannan a allo, ya fi dogon bayani shiga kai.

Misali mafi kusa yana Nijar. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, aka tono Nigersaurus, mai tsawon mita 9. Bakinsa shimfiɗaɗɗe ne, haƙoransa sun haura 500, jere bayan jere, kowanne yana sauyuwa cikin mako biyu saboda tsiron da yake kiwo a ƙasa yana cinye su. A nan ne kuma aka samu Suchomimus mai dogon baki irin na kada, abincinsa kifi. Wato hamadar nan a da koguna ne da fadama.

Kufena kam kada yara su sa rai. Dutsen daskararren narkakken dutse ne daga cikin ƙasa, ya kuma girmi dainoso nesa ba kusa ba. Ƙashi yana tsira ne idan laka ko yashi ya binne gawa da wuri, ya danne ta har ta zama dutse. Irin wannan shimfiɗar ta laka da yashi tana yankin Sakkwato, inda aka samu Goronyosaurus, mai sunan Goronyo, amma shi dabbar teku ce, ba dainoso ba.

Shekara miliyan 66 baya wani dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a Meziko, ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, yawancin dainoso suka ƙare. Reshe ɗaya ya tsira, shi ne tsuntsaye. Ka kai ƙafar zabo aji, yara su duba ɓawonta da yatsu ukun nan na gaba, su ga kamanninta da ƙafar dainoso.