Hajiya, kafin ki tura surfaninki baje kolin ƙasar waje, mu yi lissafi tukuna

Hajiya barka da ƙoƙari. Tambayarki a taƙaice ita ce, kina aikin allura a gida, huluna da zanen gado da matasan kai, kina da mata huɗu da suke tayaki, kuma 'yarki ta gano miki sanarwar wani baje kolin kayan saƙa da ɗinki a Amurka wanda sai alƙalai sun tace kafin a ɗauki aikin mutum, in an ɗauka kuma za a yi ta yawo da shi gari gari wajen shekara 2. Kince kuɗin fom dala 40 ne, kina so ki ciro daga jarin sallah ki yi babban aiki guda ɗaya ki tura, shin akwai riba ko babu.

Toh gaskiyar magana, in ribar sayarwa kike hange, ki ajiye wannan tunanin a gefe. Irin wannan baje kolin talla ne, kuɗin da kika sa a ciki ki ɗauka kamar kuɗin allon shago ne, yana iya jawo miki mutane, amma ba ranar da kika kafa shi zaki ga kuɗin ya dawo ba. Ni shawarata ki shiga, sai dai ba da jarin sallah ba. Kuɗin sallah a Kano kuɗi ne mai juyawa, kin sayi zare da yadi a Kwari yau, kafin sati uku hula ta fita an biyaki kin sake saye. Shi kuwa wannan, in Allah ya sa an ɗauka, kayan zai bar hannunki shekara 2 ba ki da ikon sayar da shi ga wata hajiyar da ta gani a waya ta ce tana so, in ma wani ya saya a can, sau da yawa ba a miƙa masa sai an gama zagayen. Saboda haka ki nemi kuɗin da in ya kwanta ba zai hanaki barci ba, misali kwasar adashe guda da ba ki riga kin yi mata wuri ba.

Sannan dala 40 ɗin nan da kike gani ita ce mafi ƙanƙanta a cikin lissafin, kuma ba ta dawowa ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, kuɗin duba hoto ne kawai. Masu shiga suna da yawa sosai, waɗanda ake ɗauka kaɗan ne, ki shiga da sanin cewa faɗuwa ta fi kusa. Babban kashin yana zuwa ne bayan an ce an ɗauka. Kuɗin aikawa ta DHL ko makamancinsa yawanci a kanki yake, kuma su ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwalin, abu mara nauyi in dogo ne sai ki ji kuɗin ya haura. Ga inshorar hanya, ga kuɗin dawo da shi in bai sayu ba, wanda wasu masu shiryawa suke biya wasu kuma su ce ke zaki biya, dole ki karanta ki gani da idonki a takardar sharuɗɗa, kar ki bari 'yarki ta ce miki "Umma ai ba komai". Ki sa ta karanto miki layi layi. Duk abin da aka rubuta da dala ki juya shi da canjin Wapa na ranar, ki ɗora wani abu a kai saboda kin san halin naira. Ki kuma tambayi bankinki tun yanzu ko katinki zai wuce wajen biyan, don katin naira wani lokacin yakan ƙi, kuma in an sayar da aikin ta ina kuɗin zai shigo, kina da asusun dala ko sai an buɗe.

Maganar farashi kuwa, nan ne mutanenmu suke cutar kansu. Masu baje koli suna cire la'adarsu, sau da yawa kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Bari in ba ki misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai: a ce yadi da zare da ladan masu aiki da hoto da aikawa duk sun tashi dala 600, su kuma suna cire kashi 40. In kika rubuta farashi dala 800 kina murna kin ci 200, abin da zai zo hannunki 480 ne, kin faɗi da 120 kenan. Sai kin sa 1,000 kafin ma uwar kuɗinki ta dawo, ribar kuma sai abin da ya haura haka. Kuma ki sa ladan hannunki a ciki dan Allah, wata uku kina sunkuye idonki na ruwa ba kyauta bane, mata da yawa in na tambayesu nawa suka kashe sai su lissafo zare da yadi su manta da kansu.

Yanzu abin da ya fi damuna a tambayarki, matan nan huɗu. A kasuwarmu an saba, mai zane ya zana da biro, wata ta cike, wani ya wanke ya buga, mai shago ya sayar, ba wanda yake tambayar sunan wa. A can sunan shi ne kayan. Za a tambayeki wa ya ƙirƙiro zanen, wa ya yi ɗinkin, ki sa hannu. In ku biyar kuka yi, ki rubuta aikin haɗin gwiwa ne in sharuɗɗan sun yarda, ki zauna da su tun kafin a sa allura ku yi magana, ladan aiki za a biyasu a gama, ko suna da kaso in an sayar ko an ci kyauta, a rubuta a takarda da shaida. Yau kowa na da waya, ranar da hoton aikin ya fito da sunanki ke kaɗai da farashin dala a ƙasa, zumuncin shekara goma zai iya lalacewa, kuma ke kin san su ne ƙarfin sana'arki.

Shi zanen kansa, aska takwas da aska biyu da tambari gadonmu ne, ba na wani mutum ɗaya bane, kina da damar ɗauka. Amma in kika kwafo gaban babbar riga yadda yake kika tura, alƙalan za su ga kyakkyawan aikin gargajiya, alhali su sabon tunani suke nema. Ki ɗauki askar ki yi mata abin da ba a saba gani ba, ki girmama ta ta cika yadin, ko ki yi ta da zaren tsamiya a kan saƙin da aka rina a karofin Ƙofar Mata, abin da wata a jihar Ohayo ta Amurka ba ta da hanyar samu. Abin da kika ɗauko a shafin hotuna na Pinterest kuwa kar ki kusance shi, sun fi ki sanin mai shi. Ki duba kuma ko irin aikinki ma ya shiga rukuninsu. Akwai Quilt National da ake yi a Athens ta jihar Ohayo tun 1979 duk bayan shekara 2, su sai aiki mai rufi a kan rufi da aka haɗe da ɗinki, surfani a kan yadi falle ɗaya ba zai shiga ba. Fiberart International na Pittsburgh kuwa ƙofarsa ta fi faɗi, duk abin da ya shafi zare da yadi. Yawancinsu kuma suna so aikin ya zama sabo, na 'yan shekarun nan.

Alƙalan ba za su taɓa kayan ba, hoto za su gani, don haka kuɗin mai hoto ba asara bane. A rataye shi a farin bango, cikin inuwa da hasken safe, ba filashi, ba hannun mutum a gefe yana riƙe da shi, ba katifa ko labule a baya. Hoto ɗaya na duka, ɗaya na kusa sosai, kuma a na kusan nan ne asiri yake tonuwa, layin biron mai zane da ya leƙo ta ƙarƙashin zare, ƙullin da aka bari a fuska, wurin da yadin ya tattare saboda an ja zare da ƙarfi. Mu a hula ba ma kula, a allon kwamfuta kuwa kamar an haska shi da tocila.

Wajen naɗewa kuma, na san halin gidajenmu, dan Allah kar a turara shi. Turaren wuta da humra a wajenmu karramawa ce, a wajensu wari ne da zai kama kayan wasu, suna iya ƙin rataye shi. A naɗe shi a jikin bututu kar a ninke, a sa farar takarda tsakani musamman in akwai shuni, kin san yadda yake zuba a kan fari. Kar ki yi ado da fatar mesa ko ta kada ko hauren giwa, akwai yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya mai taƙaita cinikin sassan namun daji, kwastan ɗinsu za su riƙe. A nan gida kuma ki leƙa Gidan Makama, ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa yake, ki tambayi yadda ake samun takardar da ke nuna aikinki sabo ne ba kayan tarihi ba, ki ajiye rasitin fitarsa da hotunansa domin ranar dawowa kar a ce miki kaya kika shigo da su ki biya fito.

Abu na gaba, ki tabbatar baje kolin na gaske ne. Na gaske yana faɗin sunan alƙalansa, da gidajen da za a kai kayan, da hotunan na shekarun baya. Wanda ya fara turo miki saƙo a Instagram yana cewa an zaɓeki tun ba ki nema ba, ki turo kuɗin rataye aikinki a bango ko kuɗin sa shi a littafinsu, wannan kasuwancinsa kuɗin mutane ne, ki share.

In komai ya yi daidai, ga yadda zaki ci moriyarsa tun kayan na can. Ki yi ƙanana masu kama da shi, na rataye a falo, matasan kai, jakunkuna, waɗanda za su fita a Kano da Abuja da wajen 'yan uwanmu mazauna waje, ki sa hoton takardar ɗauka a shafinki, ki roƙi masu shiryawa hoton aikin a rataye a kowane gari. A nan ne farashinki zai tashi, don mai saye in ta ga an rataye aikinki a Amurka ba za ta yi miki tayin da ta saba ba. Ki gaya min ranar rufe karɓar fom ɗin, in ta faɗo kafin sallah ki bar na bana ya wuce, ki fara aikin a nutse bayan sallah ki nufi na gaba.