Amsa: Tafiya Akara da tsarabar marubuci

Malam, ka ce za ka Akara ta mota, kuma kana neman tsarabar da za ka kai wa abokinka marubuci.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gana, amma riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a aljihu, kada ka cusa su cikin jaka. Daga Legas sai ka ƙetare iyaka uku: Seme, Hilakonji, Aflawo, kowace da nata jira. Ka canji 'yar sefa tun kafin ka tashi, saboda Benin da Togo.

Batun tsaraba kuwa, ni dai ba na sayen littafi, wataƙila ya riga ya karanta. Shiga kasuwar Kurmi da ke Kano ka samo jakar fata wadda za ta ɗauki kwamfutarsa, ka haɗa masa da kilishi.