Tambaya da Amsa: Mu ba wannan mai bincike kuɗinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce shugabar wata ƙungiyar mata masu tatsar man gyaɗa a unguwar Birni, nan Damagaram. Wani ɗan kasuwa yana son ya riƙa fitar da manmu waje, amma ya ce sai mun sami takardar shaidar ISO 22000, wato ƙa'idar duniya ta kiyaye lafiyar abinci. Ga wani mutum ya zo daga Yamai, ya ce shi zai tsara mana takardun aiki, ya yi bincike, ya ba mu shaidar cikin mako uku. Mu biya shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ku ba shi ko dala tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne cewa da ya yi zai tsara takardun, kuma shi zai bincika su. Wanda ya tuƙa tuwo ba shi ake tambaya ko ya yi gudaji ba. Ƙa'idar da ke kan kamfanonin ba da shaida, ISO 17021-1, ta raba aikin nan biyu: wanda ya yi muku aikin shawara, sai an shekara 2 kafin a turo shi ya bincike ku. In mai saye ya gano haka, takardar ta tashi a banza, kuɗin mata kuma ya tafi.

Ita ƙungiyar ISO, mai tsara ƙa'idojin inganci na duniya, ba ta ba kowa shaida, ƙa'ida kawai take rubutawa. Kamfanoni ne ke bayarwa, su ma sai wata hukuma ta tantance su, kamar SOAC da ke Abijan ko COFRAC ta Faransa. To ki tambaye shi: wane kamfani ya turo ka, wace hukuma ta tantance shi, ina lambar tantancewar? Ki sa wani yaro mai ilimi ya duba a shafin intanet na hukumar, ya tabbatar tantancewar ta haɗa da ISO 22000, don akwai masu izinin ISO 9001 kawai, wato ƙa'idar ingancin tafiyar da aiki, ba ta lafiyar abinci ba. Ki kuma tambayi mai sayen wace shaida ake karɓa a inda yake kai kaya.

Ko kamfanin na gaskiya ne, kuna da haƙƙin a faɗa muku sunan wanda za a turo tun da wuri, ku nemi bayanin ayyukan da ya taɓa yi, ku ƙi shi in kuna da hujja. Ni dai da zan zauna da shi, zancen gyaɗa zan ja shi. Ya san gubar aflatoksin da ke kama gyaɗar da aka adana da danshi? Ya taɓa shiga wurin tatsar mai? Sannan yana jin Hausa? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, Hajiya, domin matan da ke suya da tatsa zai yi wa tambayoyi, kuma tafinta kan rage zance.

Mako uku ma bai isa ba. Binciken zango biyu ne: a fara duba takardu da shirinku, daga baya a dawo a ga aiki da ido da rajistocin da kuka jima kuna cikawa. Shaidar tana shekara 3, ana zuwa dubawa kowace shekara. Ki ce a rubuta muku farashin shekarun ukun gaba ɗaya, har da kuɗin mota da masauki, tunda daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne.