Zan iya canza filtar man motata a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Golf 3 gare ni. Kwana biyun nan idan na taka totur, musamman wajen hawa gadar Ƙofar Nassarawa, sai ta riƙa shaƙewa kamar za ta mutu. An ce mini filtar mai ce. Zan iya canzawa da kaina? Kuma in sayi sabuwa ko 'yar Beljiyam? Daga wani ɗan'uwa a Hotoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya, don ta Golf 3 mai amfani da fetur a waje take, ƙarƙashin mota ta baya, kusa da tanki. Masu Corolla ta 2003 zuwa sama kuwa, tasu tana cikin tanki tare da famfon mai, gara su bar wa bakanike.

Sabuwa za ka saya. Aikin filta tare datti, 'yar Beljiyam kuwa ta riga ta ƙoshi da dattin wani. Ɗauki hoton tsohuwar da lambar jikinta ka nuna wa masu sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa. Wanda ya ce a busa ta a mayar, ba shi haƙuri.

Abin da ya fi damuna wuta ce. Fetur ɗin cikin tiyon motar injekta a matse yake, kana kwancewa zai feso maka a fuska. Saboda haka fara zare fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, sannan ka cire kan batir na nagatif. Yi aikin da safe inji yana sanyi, a fili, nesa da murhun gawayin uwargida da janaretan maƙwabta. Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, tokare ta da abu mai ƙwari.

Akwai kibiya a jikin filtar, inji za ta kalla. Ka ɗaure, ka mayar da fiyus da batir, ka murza makulli sau biyu ko uku ba tare da tayarwa ba, ka leƙa ko akwai yoyo.

Tsohuwar kuma, zazzage man cikinta a farin kwano. In ka ga tsatsa ko ruwa ya kwanta a ƙasa, tankin ma yana son wanki, kuma ka rage shan mai wajen 'yan bumburutu. In shaƙewar ba ta daina ba, a duba fulogi da famfon mai.