Hukuncin barin yaro da zazzaɓin damina a ruga ba tare da magani ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mu makiyaya ne, mashekarinmu yana bakin wata fadama kusa da kogin Binuwai a jihar Adamawa. Duk shekara idan ruwa ya zauna sai zazzaɓi ya kama kusan kowa a rugar. Mahaifina yana cewa wannan pabboje ne, ciwon Fulani ne tun kaka da kakanni, ya zo ya wuce, kuma maganin asibiti kwantar da shi kawai yake yi ya dawo da ƙarfi. Ya ce gudunsa rashin haƙuri ne da ƙaddara. Bara ɗan ƙanena ya rasu bayan ya yi ta jijjiga. Yanzu 'yata mai shekara biyu tana kwance, matata kuma tana da ciki. In na kai su asibiti ba da yardarsa ba, na saɓa wa Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba 'yarka lafiya, ya sa wanda ya rasu ya zama mai ceto ga iyayensa.

Ɗana, ka kai yarinyar yau, kada ka jira gobe. Ba ka saɓa wa Allah ba, barin ta a kwance shi ne saɓon.

Asalin neman magani halal ne, shari'a ma ta kwaɗaitar da shi. Mutanen ƙauye ne, masu dabbobi irinku, suka tambayi Annabi (SAW) ko su nemi magani, ya ce: "Ku nemi magani, bayin Allah, domin Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani, in ban da guda ɗaya, tsufa." Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Usama ɗan Sharik. A Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ma an ce babu laifi a yi jinya, a sha magani.

Maganar mahaifinka tana da inda ta jingina, kada ka ɗauke ta shirme. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana Ummu Sa'ib zagin zazzaɓi, ya ce yana kankare zunubai. Akwai kuma matar nan mai farfaɗiya da aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar warkewa da haƙuri a kan ladan Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Daga nan malamai da yawa suka ce baligi mai hankali yana iya jure ciwon da ba ya halakarwa. Har ta fuskar likitanci akwai ƙamshin gaskiya a zancensa: binciken da aka yi a Burkina Faso a shekarun 1990, da wanda ya biyo baya a Mali, ya nuna jikin Fulani ya fi na maƙwabtansu Mossi da Dogon iya yaƙi da ƙwayar maleriya, wato zazzaɓin cizon sauro. Sai dai masu binciken sun tarar da kumburin saifa ya fi yawa a cikin Fulanin. Juriya ce Allah ya ba ku, bai ba ku takardar kuɓuta ba, kuma abin da kuka gani bara ya isa shaida.

Inda maganar ta kuskure shi ne a kan wanda ake yi wa haƙurin. Matar nan mai farfaɗiya a kan jikinta ta zaɓa. Yarinya 'yar shekara biyu ba ta da zaɓi, amana ce a hannunka, kuma babu wanda shari'a ta ba shi ikon ya yi haƙuri da ran wani. Annabi (SAW) ya ce: "Dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo." Ya kuma ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa take wuyansa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko nakasa. Zazzaɓin cizon sauro a jikin yaron da bai kai shekara biyar ba yana cikin wannan babu ko shakka. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa ƙananan yara ne. Ƙwayar tana cinye jini, tana iya hawa ƙwaƙwalwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Jijjigar da kuka gani ita ce alamar, haka suma, amai ba ƙaƙƙautawa, ƙin kama nono, da tafin hannu ya yi fari fat. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko tsakar dare ne a nemi babur.

Hukuncin matarka ɗaya ne da na yarinyar, domin rai biyu ne. Cutar tana taruwa a mabiyiya, ta jawo ƙarancin jini, ɓari, ko haihuwar jariri ƙarami. A wurin awo ana ba masu ciki Fansidar na rigakafi daga wata na huɗu. Hana ta zuwa awo cutarwa ne, kuma "babu cuta babu cutarwa".

Batun ƙaddara kuwa, Sayyidina Umar ya gama shi tun shekara ta 17 ko ta 18 bayan hijira, kuma da harshen makiyaya ya gama shi. Da ya ji annoba ta sauka a Sham ya juya daga Sarga, wani wuri a kan hanyar Sham, Abu Ubaida ya ce, "Gudun ƙaddarar Allah?" Ya ce, "Ƙwarai, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Da kana da raƙuma ka sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe, in ka kiwata su a mai ciyawar ba da ƙaddarar Allah ka yi ba? In ka kiwata su a busasshen ba da ƙaddarar Allah ka yi ba?" Buhari ya ruwaito. Mahaifinka da kansa da wannan yake aiki kullum. In ya ga ƙudan tsando ya yi yawa a wuri yakan tashi da garke, in saniya ta kamu da sammore yakan sayo allura ko nawa take, bai taɓa kiran hakan rashin tawakkali ba. Jikarsa ta fi saniyar daraja a wurin Allah, a wurinsa ma haka ne in aka tuna masa.

Zancen cewa maganin kwantar da ciwon kawai yake yi, ina ganin na san inda ya samo asali. Ana sayen 'yan ƙwayoyi a tebur ranar kasuwa, a sha biyu, jiki ya yi sanyi, a ajiye sauran. Dole ya dawo. Maganin da ake bayarwa yanzu, irin su Coartem, sha shida ne cikin kwana uku, sai an cinye shi duka, kuma ya fi shiga jiki in an bi shi da madara, abin da ba ku rasa ba. Kafin nan a yi gwajin jinin yatsa, minti 15 zuwa 20 ne, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Sauron kuma a kwantaccen ruwan fadama yake ƙyanƙyasa, da dare yake cizo, shi ya sa ciwon yake zuwa tare da sabuwar ciyawa da yawan madara har ake ɗora musu laifin. Gidan sauro mai magani yana ɗauruwa a bukka, a waje ma da sanduna huɗu, kuma naɗe shi a kan jaki ranar tashi ba wani nauyi ba ne. Masu rabon maganin rigakafin damina na yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida suke bi, rugar da ke cikin daji sau da yawa takan wuce su. Ku sa arɗo ya sanar da asibitin da ke kusa inda kuka sauka.

Saura mahaifinka. Biyayya ana yin ta ne a cikin abin da yake daidai, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim, don haka haninsa a nan bai hau kanka ba. Amma haƙƙinsa na girmamawa yana nan daram. Kada ka ɗaga masa murya, kada ka ƙaryata shi a gaban surukai, kuma kada ka kuskura ka ce shi ya kashe yaron bara. Ajali ne ya zo, shi kuma abin da ya sani ya yi aiki da shi. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Baba, ka sa mana albarka, zan kai ta a duba jininta." In ya ƙi, ka tafi, ka dawo ka durƙusa ka gaishe shi kamar kullum. In da wani baffanka ko limamin da yake jin maganarsa, ka roƙe shi ya karanta masa labarin Umar. Shi kansa in zazzaɓi ya kama shi ya ce zai jure, kada ka tilasta masa matuƙar yana ci yana sha yana cikin hayyacinsa. In ya fara fita hayyacinsa, ku ɗauke shi ku kai asibiti ko bai yarda ba.

Wallahu a'alam.